Dutsen Mama, Birkin Baba

Ranar da muka dawo daga binne Baba, tsakar gidanmu a Barade ba masaka tsinke. An kafa rumfa, an jera kujerun roba da aka aro daga coci, matan zumunta suna waƙa a gefe guda, dangi daga Sunkani sun shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro. Duk wanda ya shigo sai ya ce mini, "Sannu da haƙuri, Allah ya ta'azantar da ku," in ce amin. Amma ba wanda zai ɗan zauna bai kawo zancen dutsen nan ba.

Wani tsoho da suka yi aiki tare da Baba a ma'aikatar gona ne ya fara. "Kai, mutumin nan! Injin tarakta ma yana kwance shi ya mayar, amma birkin hannun motarsa sai dutse!" Aka fashe da dariya. Dariya a gidan makoki ba laifi ba ce a wurinmu in tsoho ne ya tafi. Maƙwabcinmu Alhaji, Bafulatani, ya riƙe hannuna ya ce, "Alla hokku munyal," Allah ya ba da haƙuri, sannan ya ce shi kam da bam-bam ɗin da Mama ke yi a jikin mota yake sanin gari ya waye sosai. Baffana, ƙanen Baba, ya ɗora da Hausarsa ta ƙauye: "Rowa ne kawai! Wayan birkin yana nan a bayan ƙofa tun yaushe, bai sa ba sai da ya hango mutuwa."

Wallahi na ji kamar in kwashe kujerun a ƙarƙashinsu. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba, Baba kan ce bakina ya riga ƙafata fitowa duniya. Na haɗiye, don su abin da suka gani ke nan. Mama ba ta ji ko ɗaya ba. Tana ɗaki kwance, ta juya fuskarta bango, tun da aka kawo labari ba ta taka bakin ƙofa ba sai da aka riƙe ta zuwa maƙabarta aka dawo da ita. Wannan kwanciyar ce ta hana ni sukuni fiye da mutuwar kanta, don na taɓa ganin irinta, kuma wanda ya fito da ita a wancan karo shi muka baro a ƙasa.

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Ba na so Baba ya zama labarin ban dariya kawai a bakin mutane, tsoho mai rowa da dutsensa.

Baba ba mai yawan magana ba ne. In yana murna sai fito, waƙar coci iri ɗaya, kullum a wuri ɗaya yake ɓata ta. In ransa ya ɓaci sai ya ɗauki sufana ya nemi abin da zai kwance. Bayan ritaya ya sayi tsohuwar akori-kura, ita ce gonarsa ta Iware, ita ce cocinsa, ita ce kasuwarsa. Bakanike bai taɓa ganin cikinta ba. "Abin da hannunka zai iya, kada ka kai wa hannun wani," in ji shi. Injin niƙan matan unguwa, janaretan Alhaji, keken ɗinkin matar fasto, duk sun kwana a tsakar gidanmu. Ba ya karɓar komai, sai dai ka tsaya ka kalla, don gobe ba zai sake yi maka ba. Yana da wani tsohon faranti na Mama da yake jera duk abin da ya kwance a kai, na farko a hagu, na ƙarshe a dama, kuma kaiconka in ka taɓa.

A hanyar Iware kuwa, in ya hango mace da kaya a ka, sai ya tsaya. Doya ce, itace ne, buhun masara ne, a jefa a baya a hau. Mama ta yi ta mita, "Wai kai motar haya ka saya ko ta gida?" Shi kuma ya ce, "Bayan motar ai ba ya cin abinci, bari ya yi aiki."

Mu biyu suka haifa, ni da ƙanena. Ƙanena ya gama makaranta ke nan ciwo ya kama shi. Da "ba komai" ya fara, kafin damina ta fita mun binne shi. Mama ta shiga ɗaki. Ba ta kuka a ji, ba ta faɗa, kawai ba ta fita. Coci ta daina, kasuwa ta daina, ko tsakar gida sai in rana ta faɗi. Fasto ya zo ya yi addu'a, matan zumunta suka zo suka yi waƙa, ta gode musu ta koma ta kwanta. Ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu.

A cikin wannan halin ne wayar birkin hannun motar ta tsinke. Ƙofar gidanmu gangara ce, tana sauka kai tsaye zuwa babbar kwata, kuma injin ya tsufa, ko an bar motar a giya sai ta riƙa silalewa. A wannan makon Baba ya sayo sabuwar wayar birki, na gan ta da idona a naɗe. Ya rataye ta a ƙusa bayan ƙofar falo. Da safe ya samo wani baƙin dutse mai santsi daga bakin kogi, ya tokare tayar motar da shi, ya je ƙofar ɗakin Mama ya tsaya.

"Uwargida, fito ki cire mini dutse. In na ɗaga ƙafa daga birki motar za ta shiga kwata."

"Kira 'yarka."

"Ta tafi aiki."

Ta fito tana jan ƙafa, ta cire dutsen, za ta ajiye ta koma. Ya ce, "To in na isa can wa zai sa mini?" Ta tsaya riƙe da dutse, ta harare shi harara mai kyau, sannan ta buɗe ƙofa ta shiga haka nan ba ko ɗankwalin kirki.

Daga ranar abin ya zama aiki. Duk inda za su, shi ya taka birki, ita ta sauka ta zaga bayan taya ta cusa dutsen, ta bugi jikin motar sau biyu, bam-bam, alamar ya saki. Shi kuma ya leƙo ta taga ya ce, "Madalla, uwargida." Dutsen a ƙarƙashin ƙafarta yake tafiya. Ba ranar da ba ta mita: "Na auri direba, na ƙare a yaron mota." Amma ta koma coci, ta koma kasuwa, a gona har ta karɓi kunyoyinta na gyaɗa. Jikinta ya dawo, bakinta ma ya dawo, har ya fi na da.

Ni fa duk wannan ban haɗa shi da dutse ba. Abin da na gani shi ne uwata, da gwiwoyinta masu ƙara, tana durƙusawa a bayan taya a gaban jama'a, abokan aikina na sakatariya suna tambayata ko gaskiya ne Mamata ce birkin motar gidanmu. Mun sha yi da Baba a kan haka. Wata rana har na ciro wayar daga ƙusa na ce ni zan kai motar gareji. Bai ɗaga murya ba. Ya karɓe ta daga hannuna, ya mayar inda take, ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Na yi fushi na tafi gidana, na yi makonni ban leƙo ba. Shi ko a jikinsa.

Shekaru suka yi ta wucewa a haka, har wata Asabar ta bana da safe ya kira ni a waya. "Zo da wandon da ba kya so." Na iske Mama ta tafi koyon waƙa a coci, shi kuma ya kai motar gindin mangwaro inda ƙasa take daidai. Ya sa waigi a tayoyin gaba, jak na gefe, farantin nan na ƙasa, wayar da ta tsufa a bayan ƙofa tana kan kujera.

"Yau rana ta fito ta yamma ke nan," na ce.

"Rufe baki ki ɗaga jak."

Na yi mamaki, don Baba ba ya bari wani ya shiga ƙarƙashin motarsa. Ya ja kujera ya zauna, ya ce ni zan shiga. Muka ɗaga bayan motar, ya sa na tura kututture biyu a ƙarƙashinta. "Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Kada ki taɓa ba shi amanar kanki." Na cire tayoyin baya, na ciro murfin birkin da ƙyar, sai da ya nuna mini inda zan ɗan buga. Baƙar ƙura ta zubo mini a fuska, ya yi dariya ya ce yanzu na fara kama da 'yarsa. Ya nuna mini inda bakin wayar yake maƙale, ya ce in matse sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen da ke riƙe da bakin, da filaya in zame shi. Sau nawa yana kuɓucewa yana cizon yatsana, ina tsaki, shi yana fito.

Sannan na kwanta a buhu na shiga ƙasa. Wayar ta taso ne daga sandar da ake ja a gaba, ta biyo cikin motar, a tsakiya ta rabu biyu, kowace ta nufi tayarta. Na ga inda ta tsinke, ta yi tsatsa ta tarwatse kamar bakin tsintsiya. Na kama zan fizge ta, ya daka mini tsawa.

"Tsaya! Ɗaura igiya a bakinta tukun. In kin ja tsohuwar, igiya ta bi hanyar da ta bi. Sai ki ɗaura sabuwar a igiyar ki jawo. Sabo ba ya sanin hanya sai tsoho ya ja shi."

Haka na yi, sabuwar ta bi ta kowane lungu ba gardama. Na shafa giris inda ya ce, ina ɗaure notoci, daga ƙarƙashi ba abin da nake gani nasa sai ƙafafunsa. A nan na lura ƙafar dama ba ta cikin takalmi sosai, kuma da hannu ya ɗaga ta ya gyara mata zama.

"Baba, me ya sami ƙafarka?"

Ina ganin don ba ma kallon juna ne ya iya faɗa. Ya ce kwanakin nan ƙafar takan yi sanyi, ta zama kamar ba tasa ba. An ce masa hawan jini ne, maganin yana aljihun mota inda Mama ba ta dubawa. Ya ce ran Lahadin da ta wuce, a gangarar ƙofar coci, Mama ta durƙusa bayan taya da dutse, sai ƙafar ta mutu a kan birki. Motar ta silalo baya kamar taƙi guda kafin ya danne gwiwar da hannu biyu. Ita ta ɗauka tsokana ce, ta zage shi tas, shi ya yi dariya. "Da na shiga coci ban ji ko kalma ɗaya da fasto ya faɗa ba," in ji shi. "Kanta yana daidai da ƙarfen baya."

Na fito daga ƙarƙashin motar na zauna a ƙasa. Na ce to me ya hana shi gyarawa tuntuni, ga waya a bayan ƙofa? Ya dube ni kamar yadda yake duban wanda ya taɓa masa faranti.

"Ke da karatunki. Fasto ya yi, mata sun yi, ke kin yi, ba ta fito ba. Dutse ya fito da ita. In gyara ta koma ɗaki?"

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na ce to yanzu sai ya gaya mata gaskiya, kuma ya bar tuƙi mu je asibiti. Ya ce asibiti sai an cire doya. Maganar gaya mata kuwa, a'a. "In ta ji ba ni da lafiya, ƙanenki za ta tuna. Za ta koma ɗaki tun ina raye. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ki riƙe." Na ce in ba aikin dutse, za ta ci gaba da bin sa? Ya ce, "Ta saba. Za ta bi." Baba ya san mota ciki da waje, amma a nan ya yi kuskure.

Muka ƙarasa. Ya sa na riƙa matse notin tsakiya kaɗan-kaɗan, yana jan sandar yana saurare, yana sa ni juya tayoyin da hannu. In an saki su juya sakayau, in an ja su tsaya cak, kuma dukansu biyu daidai, kada ɗaya ta riƙe ɗaya ta yi lalaci. Da ya gamsu muka sauke motar, ya kai ta gangarar ƙofar gida, ya ja sandar, ƙarrr, ya ɗaga ƙafa. Ta tsaya kamar an dasa ta.

Daidai nan Mama ta dawo. Ta dubi motar a gangara, ta dubi bayan taya ba komai, ta hango dutsenta a jingine da katanga.

"Kin huta, uwargida," in ji Baba, yana murmushi.

"Na huta?" Ta dube shi, ta dubi baƙin man da ke jikina. "To. Gwamnati ta yi maka ritaya, kai ma ka yi mini. Da ka gaya mini ai da na yi ankon sallama."

Ta sunkuya ta ɗauki dutsen ta shige da shi ɗaki. Daga ranar ba ta sake shiga motar ba. Da safe ya tsaya a ƙofarta ya ce, "Uwargida, za ni gona," ta ce, "A sauka lafiya, ai kana da birki." Coci ma keke take hawa. Abinci ba ta fasa ba shi ba, amma ba hira. Na je na same shi na ce Baba, don Allah bari in gaya mata. Ya ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, za ta huce. Na bi maganarsa. Da na sani ƙeya ce.

Wata Alhamis ya tafi Iware shi kaɗai. Yadda abin ya faru, wata mata ce ta gaya mini, wadda ta zo makoki da ƙwaryar gari ba wanda ya san ta. Ta ce su uku ya ɗauka a hanya da kayansu, suna baya. Sun fara sauka wata gangara sai ta ji motar tana rage gudu, ta karkata gefen titi a hankali, ta ji ƙarrr, motar ta tsaya. Suka jira ya ce wani abu, shiru. Da ta sauka ta leƙa, kansa na kan sitiyari, hannunsa na kan sandar birki. Kujerar gefensa ba kowa.

Da baƙi suka watse, aka mayar da kujerun coci, na shiga ɗakin Mama. Tana kwance yadda na bar ta, dutsen na ƙarƙashin gado. Na zauna a bakin katifa na ce akwai abin da Baba ya hana ni faɗa. Na fara da dalilin da ya sa ya ƙi gyara birkin duk shekarun nan. Ba ta ko juyo ba.

"Wannan ne sirrin? Ke da ubanki kun ɗauka ni sakarya ce? Wayar nan wa yake goge mata ƙura a bayan ƙofa? Tun ranar farko na sani. Mutumin da ke gyara tarakta! Na bar shi ne yana ganin ya yi mini wayo." Sannan ta ce, "Abin da ban sani ba, me ya sa ya gyara. Na ce ko ya gaji da ni ne a gefensa."

Sai na gaya mata ƙafar, da maganin da ke aljihun mota, da ranar Lahadin da motar ta silalo kanta yana daidai da ƙarfe. Ta tashi zaune a hankali.

"Ranar har zaginsa na yi," ta ce. Can kuma ta ce, "Ni fa ja masa rai nake yi. Na ce Lahadi mai zuwa zan shiga, in ga yadda zai yi da fuska." Sannan ta yi kukan da ba ta yi ba ko a mutuwar ƙanena, na riƙe ta muka yi tare. Ba abin da ya fi ci mini rai irin wannan: kowannensu yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu don ƙauna, kuma ya tafi yana zaton fushi take yi da shi.

Ran Lahadi na zo na tayar da motar, ban san abin da zan tarar ba. Na tsaya a ƙofar ɗakinta kamar yadda yake tsayawa, amma ban yi mata ƙarya ba. Na ce, "Mama, birki lafiyarsa ƙalau, ni na sa shi da hannuna. Za ni coci. Ba na son tafiya ni kaɗai." Na fita na zauna a mota, injin yana ta kaɗawa, har na fara tunanin kashe shi.

Sai ga ta, da farin ɗankwalin zumunta, dutsen a rungume. Ta shiga ta ajiye shi ƙarƙashin ƙafarta, muka kama hanya. A gangarar ƙofar coci na ja sandar, ƙarrr, motar ta tsaya cak. Duk da haka ta buɗe ƙofa ta ɗauki dutsenta.

"Taka birki sosai," ta ce. "Kada ki saki sai na miƙe."

Na taka da dukan ƙarfina. A madubi na ga ta durƙusa da ƙyar, ta cusa dutsen, ta dafa ƙarfen baya ta miƙe. Ta bugi jikin motar, bam-bam. Sannan ta tsaya a wurin tana kallon tagar direba, tana jira. Na san abin da take jira, kalma biyu ce kawai, na buɗe baki kuma suka ƙi fita. Ta ɗan jima a tsaye, sannan ta karkaɗe hannayenta a zane ta wuce cikin coci.

Allah ya ba ka hutawa, Baba. Ta fito.